Amsa ga mai neman kartir na injin Caprice 350

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka bayan sallar Isha'i. Ka ce kana taudibin injin 350 na Caprice 1979 da mahaifinku ya bari, wato kana kwance shi ka gyara ka sake haɗawa, tsohon kartir ya loɓe har ya tsage, ka sayo wani a tashlih, inda ake sayar da kayan tsoffin motoci, mai sayarwa ya rantse maka duk 350 ɗaya ne, amma da ka zo ɗaurawa ya ƙi zama ta baya, gefen sandar awon mai ma bai dace ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ka ga motar nan tana tafiya. Don 'yan'uwa na gida da ba su saba da bakin sana'iyyar Jidda ba, wato unguwar makanikai, kartir shi ne kaskon nan na ƙasan inji inda baƙin mai yake taruwa.

Daga bayaninka, kartir ɗin injin 1986 zuwa sama aka ba ka. Mayar masa da abinsa, kada ka bari wani ya ce zai cike maka giɓin da silikon.

Dalili kuwa, Chevrolet ta fara ƙera wannan dangin inji tun 1955, kuma a ido duk kamarsu ɗaya, amma ƙasansu ya sauya fiye da sau ɗaya. Har zuwa 1979 sandar awo tana gefen direba, kumburin da aka yi mata a leɓen kartir ma yana can. Daga 1980 aka mayar da ita gefen fasinja. A 1986 kuma aka sauya sufa ta bayan karanshaf, wato robar da ke tare mai: da gida biyu ce, sai ta koma zobe guda a cikin mazauninta na alminiyam, don haka bakan kartir na baya ya ƙara faɗi. Abin da ya hana naka zama ke nan.

To amma kada ka ɗauki istimara, wato takardar rajistar mota, ka ce motata 1979 ce, a ba ni na 1979. Motar da ta haura shekara arba'in a ƙasar nan da wuya a ce injinta na asali ne a ciki. Yawancin Caprice da suka shigo hannuna an taɓa sauya musu inji, wata daga GMC, wata daga Caprice ta 1991 zuwa sama da ake kira sabuna. Bulok ɗin da ke gabanka shi za ka duba. Bayan kan silinda na gefen direba, a kan ɗan dakalin da giya ke ɗaurewa, akwai lamba da aka zubo tare da ƙarfen. Goge ta da buroshin waya. In ka ga 3970010, tsohon bulok ne mai sanda a gefen direba da sufa gida biyu. Ko lambar ta cinye, idonka ya isa: dubi ramin sandar a wane gefe yake, ka dubi bayan karanshaf ko da zoben alminiyam.

Akwai wani ƙaramin abu da yake sa mutum ya yi ta canza wajh, wato gasket ɗin da ke tsakanin kartir da bulok, yana zargin mai sayarwa. Bakan gaba, inda kartir ke haɗuwa da murfin sarƙar taimin, iri biyu ne. Kafin 1975 robarsa siririya ce, daga 1975 ta yi kauri. Ajiye kartir leɓensa na kallon sama, ɗora ruler a kan leɓensa biyu, ka auna zuwa tsakiyar bakan. Inci 2 da kwata, kusan milimita 57, siririya yake so. Inci 2 da uku bisa takwas, kusan milimita 60, mai kauri. Milimita uku kacal, amma in ka sa siririya a mazaunin mai kauri, kullum za ka tarar da tabon mai a ƙofar gida.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don a nan na taɓa asarar inji. Shekarun baya na gama taudibin tawa motar, na samu kartir mai zurfi da aka ciro daga wata babbar mota. Ya zauna daram, ba ɗigo ko ɗaya, na yi murna. Na bar tsohon shakkal ɗina, wato bututun nan mai rariya da famfo ke zuƙo mai da shi, na zuba mai daidai yadda na saba. A cikin gari lafiya lau. Ranar da na ɗauki iyali za mu Ɗa'ifa ta hawan Hada, tun a kwanoni na farko fitilar mai ta fara ƙiftawa. Duk kwana sai ta kama ta mutu. Na tsaya, aka sauko da motar a kan saɗaha, motar ɗaukar motoci, yara suna ta tambaya me ya faru. Da muka buɗe, tsakanin rariya da gindin kasko ya fi santimita biyu. Mota na karkata sai man ya gudu gefe, famfo ya zuƙi iska. Sababbin sabayik, waɗanda a gida ake ce wa metal, duk sun karce. Karanshaf ya sake komawa makhraɗa, wurin masu injin feƙe ƙarfe.

Tun daga ranar ba na rufe inji sai na auna. Ka samu salsal na wasan yara, ko ƙullun fulawa a cikin leda, ka ɗora dunƙule a bakin rariya, ka sa wajh, ka kifa kartir ka ɗan ɗaure shi da kusoshi huɗu, sannan ka cire ka auna kaurin da ya saura. Ana so ya faɗa tsakanin milimita 6 da 10. Ya fi haka, abin da ya same ni ne. Ya gaza, rariya ta kusa mannewa da gindi, famfo ba zai sha ya ƙoshi ba. Shi ya sa kartir ɗin da maɗabb, wato tudun rage gudu na kan titi, ya turo gindinsa sama ba abin rainawa ba ne ko da ba ya yoyo. Shakkal ɗin nan cusa shi kawai ake yi a jikin famfo, kuma yana iya zamewa, don haka in awo ya yi daidai a ɗiga masa walda. A fara cire sifirin da ke cikin murfin famfon tukuna, zafi yana kashe shi.

Sai kuma jikin motar. Caprice rijiyar kartir ɗinta a baya take, gaban kuma ba shi da zurfi don ya haye ƙarfen shasi da ya gitta ƙasan inji da sandar sitiyari. Na Nova 1962 zuwa 1967 rijiyarsa a gaba take, ba zai shiga ba. Mai zurfi irin na tsere kuwa yana leƙowa ƙasa da shasi, kuma ka san yawan maɗabbat a lungunan Jidda. Ni ra'ayina, tunda injin gida kake haɗawa, na asali na baƙin ƙarfe ya fi maka komai, musamman wanda ke da farantin tare mai a ciki. Masu ƙyallin kurom na araha ba na son su: ƙarfensu sirara ne, leɓensu ba ya miƙewa, wajh kuma ba ya kama santsinsu. In kyau kake so, injinan 1979 shuɗi kamfani ya fesa musu, fesa wa naka.

Idan za ka koma tashlih, tafi da tsohon naka a but, ka jera su gefe da gefe. Dubi tsatsa ta ciki, danshin Jidda yana cin gindin kasko in ya daɗe a yashe. Gwada kusar zubar da mai ko zarenta ya cinye. A gida ka wanke shi, ka zuba kananzir ka ajiye a kan kwali ya kwana, in da tsaga kwalin zai nuna. Ramukan kusoshi da suka tuttuɗo saboda ɗaurin ƙarfi, dasa leɓen a kan katako ka mayar da su da ƙaramar guduma.

Wajh na roba guda ɗaya ya fi na kok (irin abin toshe kwalaba) mai gida huɗu sauƙi, in dai ka sayi na shekarun bulok ɗinka da kaurin bakanka. Silikon ɗigo huɗu ne kawai, a kusurwoyin da baka ya haɗu da bulok. Kusoshi 18 ne, huɗu na kusurwa sun fi kauri. Ƙananan kusan nuton-mita 9 suke so, manyan kusan 19. Fara daga tsakiya, ka zagaya sau biyu. Duk wannan ka gama shi injin yana waje, don in ya shiga mota sai an ɗaga shi kafin kartir ya fita.

Ranar zuba mai, fara da lita 3.8 ka jira ya sauka, ka ga inda ya tsaya a sandar awo. Da filta gaba ɗaya yana shan kusan 4.7. In sandar ta wata mota ce, a nan za ka kama ta, sai ka yi mata sabuwar alama da zarto.

Turo mini hoton lambar bulok da na bakan gaba da ruler a kai. Ina da tsohon kartir mai sanda a gefen direba a warsha, wato garejina, in ka shigo sana'iyya ranar Asabar bayan La'asar sai mu gwada shi a kan naka.