Hukuncin tara tsofaffin kayan soja da bindigogin zamanin da

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shekara shida ke nan ina tara tsofaffin kayan soja da nake saye a shagunan kayan tarihi. Ina da hulunan kwano, kaki, lambobin yabo, kamfas, da takunkumin kare iskar guba. Ina kuma da bindigogi uku: biyu an kashe su, wato an toshe su ba sa harbi, har da takardar shaida, ta ukun kuwa Lee-Enfield ce da mai shagon ya ce har yanzu tana tashi, amma ban nemi lasisi ba tunda ado kawai nake yi da ita. Akwai gurneti guda da ya ce babu komai a cikinsa. Wani abokina mai karatu ya ce duk wannan haramun ne, almubazzaranci ne da kamanceceniya da kafirai. Maiɗakina ma ba ta so saboda yara. Mene ne hukuncin? Kuma akwai zakka, tunda wasu na saye su da niyyar sayarwa idan sun yi daraja?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ka damu da maganar abokinka, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai jumla biyu ne da ka faɗa a tsakiyar tambayarka kamar ba komai ba: bindigar da ke tashi babu lasisi, da gurnetin da ba ka da shaida a kansa sai bakin wanda ya sayar maka. Hukuncin ya rataya ne a kan waɗannan biyun. Sauran kayan halal ne ka saya, halal ne ka ajiye, ban da 'yan kaɗan da zan ware a gaba.

Bari in fara da gurnetin, domin shi ba ya jira. Maganar mai shago ba hujja ba ce a nan, ko da mai gaskiya ne, saboda sau da yawa shi ma a haka ya saya, bai taɓa tabbatarwa ba. Abin fashewa ba ya lafawa da tsufa. Wasu sinadaran da aka yi amfani da su a Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙara saurin tashi suke yi idan sun daɗe cikin ƙarfe mai tsatsa. Yaƙin ya ƙare tun 1918, amma har yau manoma a Faransa da Beljiyam suna tono bama-bamansa da garma, kuma an sha rasa rayuka ta dalilinsu. Ajiye abin da ake kyautata zaton zai iya halaka mutane a ɗakin da yara ke shiga haramun ne, babu saɓani. Kada ka kwance shi don ka duba, kada ka saka shi a mota ka kai wa kowa. Ka kulle ɗakin, ka sanar da 'yan sanda su turo masu kwance bam.

Ita kuma bindigar, cewa ado kake yi da ita bai canza abin da take ba. Lee-Enfield ta shiga hannun sojan Ingila tun 1895, an yi yaƙin duniya biyu da ire-irenta, kuma harsashinta na .303 har gobe ana ƙera shi. Wanda ya sace ta daga bangonka yau zai iya kashe rai da ita gobe. Dokokin ƙasashe sun bambanta: a Amurka dokar tarayya tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, a Ingila kuwa bindigar da aka kashe sai gidan gwajin makamai na Landan ko Birmingham ya buga mata hatimi ya ba da takarda. Ka nemi sanin dokar inda kake, ka bi ta. Hukuma tana da ikon taƙaita halal saboda maslahar jama'a, kuma tsare jini yana cikin manyan maslahohi, don haka biyayya a nan wajibi ce. Hanya uku gare ka: ka nemi lasisi, ko ka kai a kashe ta a hukumance, ko ka miƙa ta. Ci gaba da riƙe ta a yadda take bai halatta ba.

Yanzu ga maganar abokinka. Na san akwai masu wannan ra'ayi, kuma kishin addini ne ya kai su, amma ba su yi daidai ba. Hujjarsu ita ce ciniki ba ya inganta sai a kan abin da ke da amfani, hular kwano mai tsatsa kuwa ba ta kare kan kowa, don haka kuɗin da aka ba da a kanta tozarta dukiya ne. Sharaɗin gaskiya ne, inda aka kuskure shi ne taƙaita amfani ga abin da ake ci ko ake sawa. Malamai sun halatta sayen tsuntsu don kyan launinsa ko daɗin muryarsa, sun ƙirga wannan a cikin amfanin da Shari'a ta yarda da shi. Sanin tarihi da kiyaye shaidarsa bai kasa wannan ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da mas'alarka. Bukhari ya kawo cewa bayan an kashe Abdullahi ɗan Zubairu, halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya tambayi Urwatu, ɗan'uwan Abdullahi, ko zai gane takobin mahaifinsa Zubairu. Ya ce zai gane, akwai giɓi a kaifinsa da ya samu ranar Badar. Abdulmalik ya gaskata shi ya mayar masa da takobin. Hisham ɗan Urwatu ya ce sun yi masa kuɗi a tsakaninsu dubu uku, ɗaya daga cikinsu ya ɗauka, ya ƙara da cewa ya so a ce shi ne ya ɗauka. Ka duba da kyau: takobi ne da ya haura shekara saba'in, mai giɓi, kuma giɓin nan da zai rage wa wani takobi daraja shi ne alamar da aka gane wannan da ita. Jikokin sahabi suka yi masa kima mai tsada, ɗayansu yana takaicin rasa shi, ba wanda ya ce sun yi wauta da dukiya. Abokinka zai iya cewa wannan takobin sahabi ne, naka kuwa kayan sojan Turai ne. Bambancin falala tabbas akwai shi, kuma ba ƙarami ba ne. Amma abin da muke kafa hujja da shi shi ne tarihin abu yana ƙara masa kima, kuma biyan kuɗi saboda wannan kimar ciniki ne ingantacce.

Batun kamanceceniya ya fi rauni. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabba ƙirar Rumawa mai matsattsun hannuwa, takobinsa Zulfiƙari ganimar Badar ne, kuma ya ari sulkuna a hannun Safwanu ɗan Umayya don yaƙin Hunaini alhali bai musulunta ba. Kaya ba ya haramta don wanda ya ƙera shi. Abin da ake dubawa shi ne alamar addini ko aƙida da ke jikinsa. Saboda haka ka bi lambobin yabon nan ɗaya bayan ɗaya, domin da yawa daga lambobin sojan Turai siffar gicciye gare su, kuma Nana A'isha ta ce Annabi ba ya barin wani abu mai gicciye a gidansa face ya warware shi. Waɗannan kada ka kafa su a bango, fitar da su daga gidan ya fi. Haka kayan da ke ɗauke da tambarin 'yan Nazi: alama ce ta aƙidar fifikon jinsi da aka kashe miliyoyin mutane a kanta, Jamus kanta ta hana baje ta a fili, bai dace da ɗakin Musulmi ba.

Inda abokinka zai yi gaskiya shi ne idan sayen ya taɓa haƙƙin wani: ka ci bashi don hular kwano, ko ka tauye ciyar da iyali, ko kana ɓoye wa maiɗakinka abin da ka kashe. Wannan kai ka san kanka, ni ban sani ba. Shekara shida lokaci ne da ya isa mutum ya zauna ya lissafa abin da ya tafi, ya kwatanta shi da abin da ya bayar sadaka a tsawon wannan lokacin.

Zakka: abin da ka saya don ajiya da kallo babu zakka a kansa komai tsadarsa. Wanda ka saya da niyyar sayarwa hajar kasuwanci ce, ko da ka haɗa da niyyar morar kallonsa kafin nan. Tunda jiran tashin daraja kake yi, ba saye da sayarwa kullum ba, a mazhabar Malikiyya kai muhtakiri ne: za ka fitar da zakkar shekara ɗaya, kashi 2.5 cikin ɗari, ranar da ka sayar, idan shekara ta zagayo wa asalin kuɗin kuma abin ya kai nisabi. Jumhur, wato mafi yawan malamai, suna ganin a yi wa hajar kima duk shekara, wanda ya bi wannan ya fita daga saɓani. Idan ka tashi sayarwa ka bayyana aibi, kada ka kira kwaikwayo asali, kuma kada ka sayar da makami ga wanda kake zargi, ko a lokacin fitina.

Maiɗakinka ta fi ka gaskiya a kan yara, ka gaya mata haka. Ba bindiga kaɗai ba ce abin tsoro. Matatar takunkuman Yaƙin Duniya na Biyu da yawa akwai asbestos a ciki, wanda shaƙarsa ke jawo ciwon daji bayan shekaru, don haka kada kowa ya sa shi a fuska ko da wasa. Tsofaffin kamfas da agogunan soja masu haske a duhu da yawa an shafe su da fentin radiyom, hasken ya mutu amma gubar tana nan, kada a buɗe gilashinsu. Su ma bindigogin nan biyu da aka kashe, kada ka nuna wani da su, kada ka bar yaro ya yi. Hanin da ya zo a Sahihu Muslim game da nuna ɗan'uwa da ƙarfe bai ware wasa ba, kuma wanda aka nuna bai san an toshe ta ba, firgita Musulmi kuwa bai halatta ba. Ka samu akwati mai makulli, mabuɗin ya zauna a hannunka, kuma ka daina ɗora hotunan makaman a intanet inda ɓarawo zai gani.

Ka fara da kiran 'yan sanda a kan gurnetin yau, batun lasisi ya biyo baya cikin makon nan.

Allah ne Mafi sani.