Amsa ga 'yar'uwar da za a yi wa tiyatar ciki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce za a yi miki aikin cire ƙari a mahaifa, kuma likita ya gaya miki za a sa miki maganin kwantar da jiki a cikin ruwa yayin aikin domin raɗaɗi ya yi sauƙi bayan kin farfaɗo, kina tambaya ko da gaske yana taimakawa. Ban iya wucewa ban amsa ba, domin irin wannan aikin aka yi mini.

Mai yiwuwa maganin da yake nufi shi ne dekismedetomidin, amma ki tambaye shi sunan ki rubuta. Yana kwantar da jiki ba tare da danne numfashi sosai ba, sai dai yana iya rage bugun zuciya ya kuma sa awon jini ya yi ƙasa, saboda haka dole likitan sa barci ya san duk maganin da kike sha, musamman na hawan jini ko na zuciya. A shekarar 2016 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara bincike 7 da aka yi a kan mutum 492 da aka yi wa tiyatar ciki, aka ga alamar cewa maganin yana rage bukatar magunguna masu ƙarfi irin su mofin a ranar farko, amma ba a ga wani babban bambanci a zafin ciwon kansa ba, kuma hujjar ba ta da ƙarfi. Ke nan yana iya taimakawa, amma kada ki ɗora dukan zuciyarki a kansa.

Abin da ya kusa kashe ni daren farko ne. Aikin ya tafi lafiya, amma da allurar ta sake ni wajen sha ɗayan dare, sai na ji kamar an zuba mini garwashi a kan ɗinkin. Ƙanwata da ke jinyata ta je ta kira nas, ta tarar da ita tana danna waya, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce ai kowa da aka yanka haka yake ji, in yi haƙuri. Da aka matsa mata sai ta ce allurar rage ciwo ta fentazosin da aka rubuta babu ita a ɗakin, kuma wurin sayar da magani ya rufe. Na kwana ina riƙe da ƙarfen gado, ina tsoron yin numfashi mai zurfi, tari yana taso mini ina haɗiye shi, hawaye yana gangarowa cikin kunnena. Har yau idan na tuna yadda ta ce mini ina da raki, raina ɓaci yake yi, domin mutumin da aka buɗe wa ciki bai cancanci wannan magana ba.

Don haka ki nemi likita ya gaya miki tsarin maganin ciwo na bayan aiki tun kafin a shiga da ke, a sayo komai da rana, a damƙa shi a hannun mai jinyarki. Ki roƙa a riƙa ba ki farasitamol a kan lokaci, ba sai ciwo ya yi tsanani ba. Idan kina da olsa ko matsalar ƙoda ki faɗa, domin maganin ciwo na dikulofenak bai dace da kowa ba. Idan kuma kin saba shan tiramadol ko kodin, don Allah kada kunya ta sa ki ɓoye, saboda hakan yana canza yawan abin da jikinki zai bukata. Akwai allurar da ake yi a bangon ciki don kashe jijiyoyin wurin na wasu awoyi, ki tambaya ko suna yi a asibitinku.

Ki tafi da ƙaramin matashi ki riƙa danne ɗinkin da shi idan za ki yi tari. Idan suka ce ki tashi ki taka, ki daure ki taka ko da kina jin jiri, amma da wani a gefenki. Kuma ki zaɓi mai jinya mai baki, wadda za ta iya neman likitan da ke aikin dare idan nas ta yi biris da ku. Allah ya sa a yi a sa'a, ki sanar da mu ranar da aka sa.