Wasan da Ya Fi Cin Ƙarfin Jiki

Ka tambaya ko ƙwallon ƙafa ce ta fi kowane wasa wahalar da jiki, amma a ganina damben zamani ya sha gabanta. Gaskiya ne ɗan ƙwallo yakan ci kusan kilomita 10 cikin minti 90, sai dai yana samun sararin takawa a hankali ya mayar da numfashi. Ɗan dambe kuwa, a babbar karawa, yakan yi turmi 12 na minti uku-uku da hutun minti ɗaya kacal a tsakani, hannuwansa a ɗage, ƙafafunsa ba hutu, ga naushi yana sauka a haƙarƙari daidai lokacin da huhu ke neman iska. Tseren keke na Tour de France, mai zango 21 cikin mako uku, shi kaɗai ne yake sa ni kokwanto.