Tambaya da Amsa: Sautin jitata yana fita kamar ƙudan zuma, ina matsalar take?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan Jos ne, ina kaɗa jita a wani ɗan rukunin makaɗa, na sayi na'urar sarrafa sautin jita Boss GT-1 ta hannu don in samu sautin nan mai nauyi irin na 'yan rok da metal. Na zaɓi amfilifaya mai zafi a ciki na murɗa Gain har ƙarshe, amma abin da ke fita zuuu kawai kamar ƙudan zuma, kuma da mai ganga ya shigo sai a daina jina gaba ɗaya. Ko dai na'urar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa na'urarka lafiyarta ƙalau, Gain ɗin nan da ka kai ƙarshe shi ne ya cuce ka. Irin waɗannan na'urori, tun daga jan POD ɗin da Line 6 suka fitar a 1998 har zuwa su Helix da Kemper da Quad Cortex, aikinsu kwaikwayon amfilifaya na gaske ne, kuma na gasken da ake kwaikwaya irin su Peavey 5150 da aka yi tare da Eddie Van Halen a 1992 ko Mesa Boogie Dual Rectifier, ko masu su ba sa kai Gain goma a situdiyo. Abin da Gain yake yi shi ne ya tura sautin har ya fi ƙarfin amfilifayan sai ya dakushe, to idan ya yi yawa komai sai ya matse wuri ɗaya, bugun hannunka ya ɓace, tsirkiya shida su cakuɗe ba a bambance wannan da waccan, hayaniya kuma ta taso. Ka mayar da shi huɗu ko biyar cikin goma, wato wajen rabi. Da farko za ka ji kamar an rage maka ƙarfi, ka daure ka ci gaba da kaɗawa, kunnenka zai saba.

Sai dabarar da kusan duk masu wannan kiɗa suke yi: ka sa Tube Screamer a gaban amfilifayan, wato ɗan koren akwatin nan na Ibanez, kusan kowace na'ura tana da kwaikwayonsa ko da an ɗan sauya masa suna. Drive ɗinsa ka bar shi a sifili ko kusa da haka, Level ka ɗaga sosai, Tone a tsakiya. Ba don ƙarin zafi ake sa shi ba, yana yanke bes ɗin da ya yi yawa kafin ya shiga amfilifaya yana kuma turo tsakiyar sauti gaba, shi ya sa idan ka danne tsirkiyar da gefen tafin hannunka ka buga za ka ji ta fita dum dum a ɗaure, ba ta yin lagwai.

Maganar ɓacewarka cikin rukuni kuwa, na tabbata ka kashe mid, wato tsakiyar sauti, ka ɗaga bes da tirebul, don haka yake da daɗi idan kai kaɗai ne a ɗaki. Amma ƙasan sauti na mai bes ne da babbar ganga, sama kuma na faifan ƙarfen mai ganga ne, kai gurbinka tsakiya, idan ka kashe mid ka bar wa mutane filin kenan. Fara da bes huɗu, mid shida, tirebul biyar, duk cikin goma, sannan ka gyara da kunne.

Abin da ya fi damuna da mutane ba sa kula da shi shi ne lasifikar da ake kwaikwaya. Lasifikar jita ta gaske mai inci 12 ba ta fitar da abin kirki sama da wajen 5,000 Hz, ita ce take tace wannan zuuu ɗin. Idan kwaikwayon lasifika a kashe yake kuma ka shiga miksa kai tsaye, ba abin da zai cece ka. A GT-1 ka duba Output Select ka tabbata yana kan Line/Phones in miksa ko abin kunne kake amfani da shi. Masu na'urar da ke karɓar fayil ɗin IR, wato fayil ɗin da ke kwaikwayon sautin wata lasifika ta gaske, su nemi na akwati mai lasifika huɗu na Celestion Vintage 30 da makirfon Shure SM57, sannan su yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz da abin da ke sama da 7,000 Hz ko makamancin haka. Wannan yankan kaɗai yakan gyara rabin matsalar.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Damagaram nake. Da dare na daidaita sautina da abin kunne ya yi kyau, washegari a wurin biki da manyan lasifiku ya fito yana sukar kunne.

Amsa: Kunnen ɗan Adam ne haka, idan sauti yana ƙasa-ƙasa ba ya jin bes da tirebul sosai, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933, to kai da dare sai ka yi ta ƙara su, da aka buɗe murya sai suka yi yawa. Ka daidaita a irin ƙarfin da za ka yi wasa da shi, ka ajiye saiti biyu, na gida da na fili. In kuma amfilifayan jita na gaske kake shiga to kashe kwaikwayon lasifika, kar ka tara biyu. Kuma idan irin kiɗan Agadas kake yi na su Bombino da Mdou Moctar, ba ka buƙatar amfilifayan metal, ɗan zafi matsakaici ya fi barin yatsunka su fito.

Tambaya: Da na daina kaɗawa sai wani gunji ya riƙa fita, musamman in muna kan janareta.

Amsa: Rage muryar jitar daga jikinta zuwa sifili. Idan gunjin ya tafi to maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya ne ke tsinto wutar 50 Hz, masu naɗin waya ɗaya irin na jitar Stratocaster sun fi yin haka, ka juya jikinka ka nisanci janareta da fitilu da cajar laftof za ka ji ya ragu. Idan bai tafi ba, ka zargi adafta ta bogi ko wayar jita ko rashin at a wurin, wato wayar lantarkin da ake haɗawa da ƙasa. Sa Noise Gate, wato abin da ke toshe hayaniya idan ba ka kaɗawa, a farkon jerin saitinka ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan har shirun ya samu, kar ka wuce nan don zai riƙa yanke maka wutsiyar sauti. Don Allah kar wanda ya karya ƙafar at ta filogi wai don maganin gunji, rai ake magana, akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin na'ura da miksa, mai maɓallin Ground Lift shi ne hanyar da ta dace.

Tambaya: Ba ni da kuɗin na'ura, laftof kawai gare ni.

Amsa: Ya isa. Ka nemi ƙaramin sawun kad, wato akwatin da ke haɗa jita da kwamfuta, irin su Behringer UMC22 ko Focusrite Scarlett Solo, ka sa jitar a ramin da aka tanada don kayan kiɗa mai alamar Inst, ka sauke manhajar kwaikwayon amfilifaya ta Neural Amp Modeler kyauta ce. A Windows ka yi amfani da direban sauti na ASIO ka sa bofa (buffer, saitin da ke ƙayyade jinkirin sauti) 128 a kan 48,000 Hz, jinkirin bofan bai kai milisakan 3 ba, in kwamfutar ta fara tsattsage sai ka koma 256. Ka kuma lura kar fitilar sawun kad ɗin ta yi ja lokacin da ka buga da ƙarfi, don sautin da ya fashe tun daga ƙofa ba manhajar da za ta gyara shi.