Wuce babba a kan babur

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce mai koya muku ƙwarewar tuƙin babur ya ce hanya ce ke ba mutum izinin wucewa, ba shekarun wanda ke gaba ba, kai kuwa ka taso ka ga ba a shiga gaban babba. Kana tambaya wanne za ka ɗauka.

Al'adar nan gaskiya ce, amma ta tafiyar ƙasa ce. Muna yara, in ka cim ma dattijo a hanyar gona sai ka gaishe shi, ka karɓi kayansa, ka biyo baya. Mai keke ma sauka yake in ya zo majalisar manya ko ƙofar hakimi. Wannan ka riƙe shi: cikin unguwa ka sassauta totur, ka ɗaga hannu, kada ka baɗe mutane da ƙura. In gawa aka ɗauko, ka ja gefe ka kashe inji. Ba a ratsa masu makara.

Kwalta kuwa ba ta san furfura ba. In ka tarar da ni tsakanin Birnin Kebbi da Jega ina lallaɓa tsohon Jincheng ɗina, ka wuce abinka, ba ka yi mini laifi ba. Yadda ka wuce ne zan duba. Ta hagu ake yi, tun 1972 da aka mai da ƙasar nan tuƙin hannun dama.

Tirela ce abin tsoro, musamman mai lodin albasar Aliero. Kada ka manne mata. Ja baya har ka hango madubin direba, domin in ba ka ganinsa, shi ma ba ya ganinka, kuma daga nan ne hanya ke buɗe maka. Duba madubinka, waiga da wuyanka, kunna sigina, rage giya ɗaya, sannan ka fita gaba ɗaya ba da ɗari-ɗari ba, ka bar tazara saboda iskarta na fizgar babur. Ka tuna Boxer mai goyon mutum da buhun shinkafa ba ta da ƙarfin da kake zato. A kwana, ko hawa, ko gada, ko mararraba, ko cikin hazon hunturu, haƙuri kawai.

Tabon da ke gwiwata ka san shi, ba ka san dalilinsa ba. Wani direba ne ya miƙo hannu ta taga, na ɗauka cewa yake in wuce. Ashe cewa yake in dakata, shanu na tsallaka titi a gabansa. Allah ya sa da sauran kwana. Tun daga ranar, in ba idona ne ya ga hanya ba, ba na fita.

Tseren da samari ke yi ranar ɗaukar amarya kuwa, kada wani ya ce maka al'ada ce. Ganganci ne.

Ranar Asabar ka zo da hular kwanonka mu je Jega, kai a gaba ni a baya, in ga hannunka. Ka gaida mahaifiyarka.