Tsohon da ƙafa ke tsayar da shi a hanya: tambayoyinku kan hawan jini da jijiyoyin ƙafa a dattawan Sin

Tun da fatauci da karatu da aikin masana'anta suka ƙara haɗa mu da Sinawa, wasiƙu kan lafiyar dattawansu suke shigo mini. Na zaɓi huɗu a wannan makon.

Tambaya: Likita, shekara 9 ke nan ina zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro yadi. Mai masaukina dattijo ne ɗan shekara 71, tamkar uba na ɗauke shi. Bana na lura in mun taso daga shago zuwa tashar jirgin ƙasa sai ya tsaya sau uku ko huɗu yana dafe sha raɓarsa, in ya huta kamar minti biyu sai ya ci gaba. Yana da hawan jini, yana kuma shan taba. 'Ya'yansa sun ce tsufa ce. Haka ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka sa ido. Ciwon da ke zuwa in an yi tafiya, ya lafa in an tsaya, ya sake dawowa bayan kusan taku iri ɗaya, ba haka ciwon tsufa yake ba. Amosanin gaɓɓai a gwiwa ko ƙugu yake zama, kuma ya fi damun mutum in zai miƙe daga zaune. Na mai masaukinka a tsoka yake, kuma abin da ya fi kama da shi shi ne tsukewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa.

Shekaru na hawan jini da hayaƙin taba suna ƙuje cikin jijiya, maiƙo ya riƙa taruwa a wurin, hanya ta ƙuntace kamar kwatar da laka ta cika. In mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi ƙafar. Da ya fara tafiya tsoka ta nemi ƙari, ba ta samu ba, sai ta ɗaure.

Gwajin ba wuya. Ana kwantar da mutum a auna jininsa a damtse, a auna a idon sawu, sai a raba lambar ƙafa da ta hannu. In sakamakon ya kai 0.9 ko ya gaza haka, akwai tsukewa. In ya haura 1.4, jijiyar ta ƙandare, abin da aka fi gani a masu ciwon suga, sai a auna a babban yatsan ƙafa. Manyan asibitocin Guangzhou duk suna yin sa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ƙafar ba ce. Maiƙon da ya toshe jijiyar ƙafa da wuya ya bar ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa, shi ya sa masu wannan ciwo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi kashe su. Shanyewar ɓarin jiki kuwa tana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mutane a Sin. Babbar ƙidayar da aka yi a ƙasar daga 2012 zuwa 2015 ta nuna manya kusan miliyan 245 na da hawan jini, fiye da rabinsu ba su ma sani ba, kuma kashi 15 cikin 100 kacal ne jininsu ya sauka yadda ake so. Ga taba: kusan rabin mazan Sin suna sha, miƙa wa baƙo kara ɗaya ma gaisuwa ce a wurinsu. Don haka ka sami babban ɗansa ka yi masa magana a natse. Barin taba shi ne magani na farko. Likitansa zai duba batun maganin rage maiƙo da na hana jini daskarewa. Kada kuma a zaunar da shi a gida don tausayi. Tafiya ita ce ke buɗe ƙananan hanyoyin jini: ya yi tafiya har ciwon ya taso, ya huta, ya ci gaba, minti 30 zuwa 45, sau 3 a mako, aƙalla wata 3. Amma ranar da ƙafar ta yi sanyi farat ɗaya, ta yi fari ko ta mutu, ko ciwon ya hana shi barci yana kwance, asibiti za a nufa a wannan sa'ar.

Tambaya: Ina yi wa wani dattijo ɗan Caina girki a Kano. Yana da suga da hawan jini. Kullum dare sai na dafa masa ruwa ya tsoma ƙafafunsa, ya ce sanyi suke masa. Kwanan nan na ga ƙaramin gyambo a yatsansa. Kuma abincinsa gishiri ya yi yawa.

Amsa: Malama, daga yau ki dakatar da ruwan zafin nan, ki gaya masa likita ne ya ce. Jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kafin barci tsohuwar al'ada ce a Sin, mai lafiya ba ta cutar da shi. Mai suga kuwa jijiyoyin da ke sa shi jin zafi sun dushe, ruwa zai ƙona shi bai sani ba, ƙafar da jini bai isa ba kuma ba ta warkar da ƙuna. Na sha ganin ɗan gyambon da bai kai ƙwayar wake ba ya kai mutum ga yanke ƙafa, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, don yawancinsu da an zo da wuri da ba a kai nan ba. Gyambon nan likita ya gan shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sanyin ƙafa kuma safa mai laushi ta isa, ban da garwashi, ban da kwalbar ruwan zafi.

Gishiri kin yi gaskiya. Basine yakan ci wajen giram 10 a yini, ninki biyu na giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce. Mutanen arewacin ƙasar sun fi ci, saboda ganyen da suke jiƙawa a gishiri don hunturu. Yawancinsa a tukunyar gida yake shiga, ta gishirin girki, sai kuma baƙin ruwan waken suya da suke zubawa a abinci. Wannan yana hannunki. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ki ƙara citta da tafarnuwa da albasa, cikin makonni harshe zai saba.

A ƙauyuka 600 na arewacin Sin an gwada mutum kusan 21,000 da wani gishiri da aka sauya kashi ɗaya cikin huɗu nasa da sinadarin fotasiyam. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Sai dai mai suga ba ya fara shi sai an duba ƙodarsa. Kada kuma ki ɗauka kanwa ce: kanwarmu sodiyam ce ta cika ta, dangin gishiri ce.

Tambaya: Ni ɗalibin likitanci ne a Sin. Wata tsohuwa a ɗakin marasa lafiya ta daina shan maganin hawan jini, wai in jini ya sauka ba zai kai ƙafa ba. Maganarta ta shige ni.

Amsa: Ɗana, tunanin yana da kama da gaskiya, shi ya sa yake da haɗari. Hawan jinin da take ganin yana tura mata jini ƙafa shi ne ya ɓata jijiyar tun farko. Likitocin asibitin Fuwai na Beijing sun bi Sinawa 8,511 masu shekara 60 zuwa 80. An saukar da lambar sama, wato babbar lamba cikin biyun da awon hawan jini ke bayarwa, ta rabinsu ƙasa da 130, sauran aka bar su tsakanin 130 da 150. A rahoton 2021, kashi 3.5 cikin 100 na rukunin farko ne suka gamu da bugun zuciya, shanyewar jiki da makamantansu, a rukuni na biyu kashi 4.6. Ba kan masu ciwon ƙafa aka gina binciken ba, amma shawarar da ake ba su ita ma ke nan: a sauke jinin, a hankali, ana lura da jiri in sun miƙe. Inda ake taka-tsantsan shi ne wanda ƙafarsa ke ciwo yana kwance ko ta fara ruɓewa. Shi buɗe jijiyar ne gaba. Ka kuma auna ta a hannu biyu, ka riƙe lambar da ta fi girma, don mai tsukewa a ƙafa yana iya samunta a hannu, hannun ya ba da lambar ƙarya. Ka tambaye ta ko maganin yana sa ta tari. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril sun fi sa Sinawa busasshen tari fiye da Turawa, kuma wani tsohon yakan ajiye magani saboda tarin, ya kawo wani dalili.

Tambaya: Abokin cinikina Basine ya aiko wa mahaifiyata shayin gargajiya da ƙwayoyin da babansa ke sha na hawan jini. In ba ta?

Amsa: A'a, Hajiya. Jikinmu da nasu ba koyaushe suke karɓar magani iri ɗaya ba: a baƙar fata, magunguna irin su amlodifin da masu sa fitsari sun fi sauke jini. Shayin kuma, da yawa cikin haɗe-haɗen Sin akwai saiwar zaƙi da suke kira gancao, wadda ke ɗaga jini, wasu kuma akwai danshen, mai iya jawo zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. Ki gode masa, ki kai Mama asibiti da kwalayen duka a nuna wa likitanta, a kuma cire mata takalmi a taɓa bugun jijiyar bayan ƙafarta.