Filin Tambayoyin Manoma: Gona Ta Gaji, Ruwa Yana Gudu

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga cikin birnin Kano, kuma ta farkon ce za ta fi cin wuri, domin matsalar da ta kawo ta shafi kusan duk mai gonar tudu a kewayen birni.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne mazaunin Fagge, muna da gonar gado a wajen Gezawa wadda nake nomawa tare da ƙannena. Kowace shekara ina ƙara yawan takin zamani, amma gero da dawa sai raguwa suke yi, ƙuduji kuma ya cika gonar. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwashi ƙasa ya gangara, har ya fara yanka kwazazzabo a gefe guda, idan kuma aka ɗauke ruwa na kwanaki kaɗan sai shuka ta yi yaushi. Wani maƙwabci ya ce in sare gawo biyu da ke tsakiyar gonar saboda inuwa. Mece ce shawararka?

AMSA: Alhaji, Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a abin da suka bari. Kafin komai, ina roƙonka kada ka ɗora gatari a kan gawon nan. Gawo yana kaɗe ganyensa ne da damina, lokacin da shuka take bukatar rana, ya kuma yi ganye da rani, don haka inuwarsa ba ta cutar da hatsi. Ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a bazara lokacin da babu ciyawa, dabbobin da suka kwanta a gindinsa kuma a nan suke barin kashinsu. Ka je ka duba da idonka a watan Agusta, za ka tarar geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na sauran gonar duhun ganye da kaurin kara.

Abubuwan da ka lissafa, wato raguwar amfani, da ƙuduji, da gudun ruwa, da saurin yaushi, duk ciwo ɗaya ne. Ƙasar gonarku ta rasa ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi, waɗanda su ne suke riƙe danshi su kuma riƙe taki a inda saiwa za ta same shi. Zuba takin zamani a irin wannan ƙasa kamar ɗibar ruwa da kwando ne, domin ruwan sama na farko zai wanke wani ya gangara da shi, wani kuma ya nutse ƙasa ya wuce saiwa. Ruwa kam ba ƙarancinsa ne ya fi damun mu ba. A matsakaicin lissafi na shekaru masu yawa, Kano tana samun kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, kuma kowace milimita ɗaya da ta sauka a kan hekta guda lita 10,000 ce. Ke nan fiye da lita miliyan 8 suke zuba a kan kowace hekta a cikin 'yan watanni, mafi yawa a Yuli da Agusta. Abin tambaya shi ne nawa ne daga ciki yake shiga ƙasa, nawa ne yake wucewa rafi da ƙasarku a bayansa.

Iyayenmu sun san wannan. Ƙasar da ke kewaye da Kano ta daɗe ana noma ta shekara da shekaru ba tare da hutu ba, kuma masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana nazarin noman wannan yanki, ya nuna cewa abin da ya riƙe ta shi ne taki da haɗa noma da kiwo. A da, da rani jakuna sukan shigo birni da itace da hatsi, su koma da mangala cike da toka da shara da kashin awaki, a jibge su tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. Wannan hanya ba ta mutu ba, sai dai jujin birni na yanzu ya cika da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, don haka idan za ka sayi mota guda ta shara, ka sa a tsince ta sosai kafin a watsa. Wanda ya fi shi kyau shi ne takin turke da kashin kaji. Ku haƙa rami a inuwa, ku riƙa zuba kashin da ragowar harawa da toka, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe, domin takin da aka bari a fili rana tana dukansa yana rasa ƙarfinsa. Na san kara yana da kuɗi, ana danga da shi, ana girki, ana ba dabbobi, kuma ba zan ce ku bar shi duka a gona ba. Amma abin da dabba ta ci, kashinta ya koma gonar da karan ya fito, abin da ya rage kuma lokacin sassabe kada a cinna masa wuta.

Sai batun huɗa. Ku tsaya a gonar ranar da ake ruwa ku ga inda yake bi, sannan ku ja kunyoyinku a gicciye da gangaren, ba a bin sa ba. Bayan haka ku riƙa datse kwarin kunya da 'yar ƙasa duk bayan taku uku ko huɗu, datsiyar ta ɗan gaza kunyar tsawo, yadda ruwa zai tsaya ya tsuma, idan kuma ya yi yawa ya tsallake ta kan datsiyar ba tare da ya fasa kunya ba. A bakin kwazazzabon ku jera duwatsu ko buhunan ƙasa tun daga samansa inda yake farawa, ku dasa jema ko gamba a layi, domin saiwarsu tana kama ƙasa, gamba kuma ga zana ga abincin dabbobi. Idan akwai wani ɓangare da ya zama faƙo, ruwa ba ya shigarsa, a nan ne dabarar tassa ta mutanen Nijar, wadda a Burkina Faso ake kira zai, take da amfani. Ana haƙa ramuka da rani, faɗin kimanin santimita 20 zuwa 30, zurfin 10 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda ƙasar, ruwa ya taru, a yi shuka a ciki. Da ita marigayi Yacouba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso, ya mayar da faƙo daji a ƙasarsu. Amma aiki ne mai cin ƙarfi, kuma a jigawa mai yashi ramukan rushewa suke yi, don haka ban ba ka shawarar ka bi gonar duka da ita ba.

Ƙuduji kuwa alama ce ta ƙasar da ta gaji. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma, saboda haka a tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gonar. Ku raba gonar, ku riƙa juya hatsi da gyaɗa ko waken soya, wanda yake sa irin ƙuduji ya tsiro ya mutu don bai sami abin kamawa ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke da reshe a nan Kano ta gwada tsarin layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake, wanda yake ba da hatsi da wake da harawa a gona ɗaya. Takin zamani ba a yar da shi ba, amma maimakon watsawa, ku bi hanyar da cibiyar binciken noman yankuna masu ƙarancin ruwa, ICRISAT, ta yaɗa a Nijar, wato a sa cikin murfin kwalbar lemo, kimanin giram 6 na NPK, a kowane rami, a binne shi ɗan nesa da iri.

Ka kuma dubi kututturan da suke toho a gonar kowace bazara, irin su kalgo da sabara da magarya, waɗanda ake sarewa ana ƙonawa. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara barin toho biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture suna yi musu aski, kuma an ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Kada ka sa ran ganin canji gaba ɗaya a damina guda, ƙasar da ta yi shekaru tana ramewa sai ta ɗauki damina biyu ko uku kafin ta murmure.

TAMBAYA: Ina zaune a Na'ibawa, ina noman shinkafa da rani a wajen Kura da injin ban ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur yana cinye ribar, ga shi kuma wani gefen gonar ya fara fitar da fari-fari kamar kanwa, shinkafar wurin ba ta tashi. Yaya zan yi?

AMSA: Ɗan'uwa, farin da kake gani gishiri ne da ruwa ya taso da shi daga ƙasa, rana ta shanye ruwan ta bar shi a sama, kuma yawan ban ruwa ba tare da mafita ba ne yake kawo shi. Ka fara da yashe magudanar da ke fitar da ruwa daga gonar, ku haɗa kai da maƙwabta domin aikin mutum ɗaya ba ya isa, sannan ka cika wannan gefen da ruwa mai kyau ka sake shi ya fita da gishirin. Ka kai samfurin ƙasar a auna, ko a Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ko ta hannun malaman gona na hukumar raya noma ta jihar Kano, KNARDA, domin idan kanwa ce ta kama ƙasar har ta daina shan ruwa, wanki kaɗai ba zai isa ba.

A sauran gonar da ba ta da gishiri, shinkafa ba ta bukatar zama cikin ruwa kullum. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fito da hanya mai sauƙi. A sami bututun roba mai tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a fangali har rabin ya nutse, a kwashe ƙasar cikinsa. Daga kamar mako biyu bayan dashe, sai ka bar ruwa ya janye har ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona a cikin bututun, sannan ka sake cikawa har ruwa ya kai santimita 5 sama da fuskar gona. Daga mako guda kafin fure zuwa mako guda bayansa kada ruwa ya yanke. Wannan yana iya rage ruwan da gonar take sha da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, muddin fangalin ya daidaita, babu tudu babu kwari. A gefen gishiri kada ka yi haka tukuna, domin bushewa tana ƙara taso da shi.

Ina so mu riƙa tuna cewa ruwan nan ba namu kaɗai ba ne. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Challawa da aka gama a 1992, duk a kan ruwan da ke gangarawa Haɗeja da Nguru suke, inda masunta da makiyaya da manoman fadama suke jiransa. Idan Allah ya hore maka injin mai aiki da hasken rana, ka saya, amma kada rashin kuɗin mai ya sa ka bar shi yana zuba tun safe har yamma.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Gwammaja, ina shuka zogale da alayyafo da tumatir a buhuna a tsakar gida, ruwa kuma a wajen 'yan garuwa nake saya. Zan iya amfani da ruwan wanki, ko na kwata kamar yadda ake yi a bakin Jakara?

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na kayan miya duk suna da kyau, ki tara su a bokiti ki zuba a gindin shuka a ranar, kada su kwana biyu. Ruwan omo da na bilic suna tara gishiri a buhu su ƙona saiwa, na kwata kuma ki nisance shi, domin yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Ruwan Jakara da na Getsi yana haɗe da dattin gidaje da na masana'antu, har da sinadaran jima, kuma wankin ganye ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta sha. Domin rage sayen ruwa, ki binne ƙaramin tulun ƙasa marar fenti a tsakiyar babban buhu har wuya, ki cika shi ki rufe bakinsa saboda sauro, zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali zuwa saiwa. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, ki kuma ajiye buhunan inda rana za ta same su da safe, inuwar katanga ta rufe su da azahar.